FILIN ƘWALLON 'YAN MAKARANTA: Kofin Da Sojan Haya Ya Ci Ba Namu Ba Ne

Da fatan an shiga sabon zangon karatu lafiya, kuma an fara karkaɗe takalman wasa, domin mun san a makarantu da dama gasar gida-gida ta ƙarato, daga ita kuma sai wasannin makaranta da makaranta.

A wannan mako za mu taɓo wata magana ce da kowa ya sani amma ba a cika faɗinta a fili ba, wato maganar sojan haya. Ma'ana a ɗauko ɗan wasan da ba ɗalibin makaranta ba, a ba shi jesi, a laƙa masa sunan wani ɗalibi, ya buga wa makaranta gasa. Za mu haɗa da ƙanwarta, wato rage shekaru, domin uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ba za mu fara da nuna wa kowa yatsa ba. Da kanmu za mu fara, domin mu ma mun taɓa yi.

Abin da muka aikata

Shekarun baya, muna cikin malaman da ke kula da wasanni a wata sakandare ta jeka-ka-dawo. Yaranmu sun yi ƙoƙari a wata gasa ta makarantun yankin har suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Makarantar da za mu kara da ita kowa ya san rabin 'yan wasanta sun daɗe da barin aji. Ana gobe wasa wani daga cikin magoya bayanmu ya same mu da shawara: akwai wasu matasa biyu a wani kulob na cikin gari, ɗaya ɗan baya ɗaya ɗan gaba, kuɗin mota da na abinci kawai za a ba su. Muka yi shiru na ɗan lokaci, sannan muka ce ai kowa ma haka yake yi. Muka amince.

Filin ƙwallo mutum 11 yake ɗauka, ba 13 ba. Kafin baƙi biyu su shiga, dole 'yan gida biyu su fita. Ɗaya daga cikin waɗanda muka cire wani yaro ne ɗan aji biyu na babbar sakandare, mai buga baya ta hagu. Ba shi da girman jiki, ba shi da yanka, amma tun farkon shekara bai taɓa fashin atisaye ba. Shi ke zuwa da wuri ya ɗauko ƙwallaye daga ofis, shi ke tsince duwatsu a fili kafin a fara. Da muka karɓi jesinsa muka miƙa wa baƙo, bai yi gardama ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, ni na ɗauka wanda ya fi zuwa atisaye shi ake sawa." Muka ce masa ya yi haƙuri, don makaranta ake yi.

Mun ci wasan, mun kuma ci na ƙarshe. Babu wanda ya kama mu. Aka zagaya gari da kofi, aka kai shi ofishin shugaban makaranta aka ajiye. Da a nan labarin ya ƙare, da sai mu ce dabara ta yi.

Da sabuwar shekara ta zagayo muka kira atisaye, sai muka ga fili wayam. Yaran da a da sukan cika fili har a rasa yadda za a raba su, yanzu da ƙyar ake haɗa gefe biyu. Ɗan bayan nan namu bai sake taka filin ba har ya gama makaranta. Ba fushi yaran suka yi ba, lissafi suka yi. Me zai sa mutum ya sha rana wata shida, alhali ya san ranar babban wasa wani za a ɗauko daga cikin gari? A shekarar tun zagayen farko aka fitar da mu. Kofi ɗaya muka saya, muka biya da ƙungiya sukutum. Gaskiyar masu iya magana, kayan aro ba ya rufe katara.

Daga filin makaranta zuwa tawagar ƙasa

Wani zai ce ai wasan makaranta ne kawai, mene ne abin ɗaga hankali? Abin ɗaga hankalin shi ne, yaron da aka koya wa amsa sunan wani a filin makaranta, gobe ba zai ji nauyin amsa shekarun da ba nasa ba idan aka kira shi gwajin tawagar jiha ko ta ƙasa. Kuma wannan ciwo ya taɓa kwantar da ƙasar nan ba sau ɗaya ba.

Babu ƙasar da ta kai Najeriya cin kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17. Sau biyar Golden Eaglets suka ɗauko shi. A 1985 a ƙasar Sin, lokacin gasar ta 'yan ƙasa da shekara 16 ce, suka doke Jamus ta Yamma da ci 2-0. A 1993 a Japan suka doke Ghana 2-1. A 2007 a Koriya ta Kudu suka doke Sifaniya a bugun fenareti. A 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙarƙashin koci Manu Garba, suka lallasa Meziko 3-0. A 2015 a Chile suka doke Mali 2-0, gasar da Victor Osimhen ya zura ƙwallo 10 shi kaɗai. Wannan tarihi ya isa shaida cewa yara masu baiwa ba su yi mana kaɗan ba.

Amma ga ɗaya ɓangaren. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa har tsawon shekara biyu, bayan an ga ranakun haihuwar wasu 'yan wasa da aka gabatar a gasar Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka taɓa gabatarwa a baya. Hukuncin bai tsaya nan ba, har gasar matasa ta duniya ta 1991 da aka ba Najeriya ta karɓi baƙunci aka ƙwace, aka kai Fotugal. Ku dubi yaran da shekarunsu suka dace da waɗannan shekaru biyu. Ba su yi laifin komai ba, amma kafin a ɗage hukuncin lokacinsu ya wuce.

Daga 2009, shekarar da Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar 'yan ƙasa da 17, FIFA ta shigo da gwajin MRI. Ga yadda yake: a ƙarshen ƙashin hannu, dab da wuyan hannu, akwai wani wuri mai taushi da ƙashi ke ƙara tsawo ta cikinsa yayin da yaro ke girma. Idan girma ya kammala, wurin sai ya haɗe ya zama ƙashi ɗaya. Na'urar na ɗaukar hoton wurin, likitoci su auna haɗewar daga mataki na 1 zuwa na 6. Wanda ya kai mataki na 6, wato ƙashin ya haɗe gaba ɗaya, ana ɗaukar cewa ya wuce shekarun gasar. Gwajin ba ya faɗin ranar haihuwar mutum, kuma jikin wani kan riga na wani girma, amma ya rufe ƙofar da a da take buɗe.

A 2016 Najeriya na riƙe da kofin duniya, tana shirin karawa da Jamhuriyar Nijar a wasan neman gurbin gasar Afirka. Aka yi gwajin, 'yan wasa 26 suka faɗi. Da waɗanda suka rage aka yi wasan. Najeriya ta ci 1-0 a Abuja, Nijar ta rama da 3-1 a Yamai, ta fitar da zakarun duniya. Yaran Nijar suka wuce gasar Afirka a Gabon, daga nan suka samu gurbin zuwa gasar duniya ta 2017 a Indiya, karon farko a tarihinsu. A Kamaru ma, a ƙarshen 2022, hukumar ƙwallon ƙasar ƙarƙashin Samuel Eto'o ta sa an yi gwajin, 'yan wasa 21 cikin 30 suka faɗi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a ko'ina aka haƙa shi.

Wa ke asara?

Na farko shi ne ɗalibin da aka ajiye a benci. Shekarun sakandare su ne shekarun da ƙafa ke koyon ƙwallo. Babban wasa ɗaya, a gaban jama'a, da faɗuwar gaba da ihun 'yan kallo, yana koya wa yaro abin da atisayen wata guda ba zai koya masa ba. Idan aka ba wani wannan dama, ba a iya dawo masa da ita.

Na biyu shi ne sojan hayan kansa. Saurayi ɗan shekara 21 da ke yanke yara 'yan 15 yana jin kansa gwani, alhali ba gaba yake yi ba. Ƙarfin ƙirji da tsawon ƙafa ne ke masa aiki. Ranar da ya haɗu da sa'anninsa sai ya ga babu abin da ya ƙaru da shi.

Na uku su ne yaran ɗaya gefen. Ƙashin yaro bai gama ƙwari ba. Karo tsakanin ƙato da yaro mai tasowa na iya ƙarewa da karaya ko targaɗen da zai raba yaro da ƙwallo, ya kuma hana shi zuwa aji makonni.

Na huɗu shi ne malami. Da wane baki za mu hana yaro satar amsa a ɗakin jarrabawa ranar Litinin, alhali ranar Asabar a gabansa muka laƙa wa baƙo sunan abokinsa?

A nan akwai abin da muke so a bambance. Ba duk mai gemu a aji ne sojan haya ba. A garuruwanmu akwai yara da yawa da suka shiga boko a makare, wani bayan ya yi shekaru a makarantar allo, wani saboda halin gida. Wannan ɗalibi ne na gaskiya, sunansa na cikin rajista, yana zama a aji, kuma babu abin kunya a shekarunsa. Idan gasar ta ɗalibai ce ba tare da ƙayyade shekaru ba, yana da haƙƙin bugawa kamar kowa. Idan kuma an ƙayyade shekaru, kamar gasar makarantun Afirka da hukumar CAF ta ƙaddamar a 2022 don yara maza da mata 'yan ƙasa da shekara 15, to sai ya haƙura ya nemi gasar da ta dace da shi. Laifin ba a yawan shekaru yake ba, a ɓoye su yake.

Ga wanda aka ce ya rage shekaru

Idan kana da ƙafa, wata rana wani zai ja ka gefe ya ce ka yanke shekara uku ko huɗu, wai Turawa yara suke so. Kafin ka amsa ka tuna cewa zamani ya sauya. Ranar haihuwarka tana cikin rajistar makaranta, tana cikin takardun WAEC da NECO, tana jikin lambarka ta NIN wadda sai da ita ake rajistar JAMB. Idan ka ƙirƙiri wata sabuwa don ƙwallo, ka zama mutum biyu. Idan ƙwallon ba ta karɓe ka ba, kuma mafi yawan masu buga ta ba ta zame musu sana'a, to da takardu masu karo da juna za ka shiga neman makaranta da neman aiki.

Haka kuma dokar FIFA ta hana a sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan yanayi kaɗan. Ku dubi Ahmed Musa. Daga Jos ya taso, ya zo Kano Pillars ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya fi kowa ci a gasar ƙasar. Kulob ɗin VVV-Venlo na ƙasar Holan ya neme shi, amma sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga musu. Jiran bai hana shi cin Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014 ba, bai hana shi cin Iceland biyu a ta 2018 ba. Don haka duk wanda ya zo ya ce zai fitar da kai Turai kana aji biyu, a kawo kuɗin biza kawai, ka kai maganar gaban mahaifinka da malaminka kafin ka ce uffan.

To me zai maye gurbin sojan haya?

Abin da ke sa malami ya nemi sojan haya shi ne tsoro, abin da ke kawo tsoron kuma shi ne rashin shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga tsarin da muka koma bayan mun sha kunya, kuma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa.

A fara tun makon farko na zango, sau uku a mako, bayan La'asar, awa ɗaya da rabi. A buɗe rajistar atisaye kamar ta aji. A faɗa wa kowa tun ranar farko cewa wanda ba ya cikin wannan rajista ba zai sa jesi ba, wanda kuma ke fashin aji ba zai shiga rajistar ba. A manna dokar a allon sanarwa, ta hau kan kyaftin kamar yadda ta hau kan ɗan aji ɗaya.

Minti 20 na farko na ɗumama jiki ne: sassarfa, gudu gefe-gefe, tsayuwa da ƙafa ɗaya, tsalle da koyon sauka da gwiwa a ɗan lanƙwashe. FIFA na da irin wannan tsari da ta kira 11+, wanda aka shirya musamman don rage raunin gwiwa da idon sawu. Kada a raina shi don babu ƙwallo a ciki.

Minti 20 na biyu na tare ƙwallo da miƙa ta ne, bibbiyu, da cikin ƙafa, dama da hagu. Wanda ba shi da abokin yi, bango ya ishe shi. Yawancin ƙwallayen da ake ci a wasan makaranta ba gwaninta ke kawo su ba, kuskure ne: wani ya kasa tarewa, wani ya miƙa wa abokin gaba. Ƙungiyar da ta rage kuskure ta riga ta yi rabin aiki.

Sannan a yi da'ira, mutum biyar a waje, biyu a tsakiya suna neman ƙwacewa, taɓawa biyu kacal. Wannan ke koya wa yaro ya ɗaga kai ya duba kafin ƙwallo ta iso shi. Daga nan a raba fili a buga biyar da biyar. A ƙaramin fili kowa na taɓa ƙwallo sau da yawa, ba kamar 11 da 11 ba, inda wani zai wuni bai taɓa sau biyar ba.

Minti 15 na ƙarshe na bugun kwana da bugun tazara da fenareti ne. Kowa ya san wanda zai riƙe, ya san inda zai tsaya. A nan ƙungiyar da ta saba da juna ke cin wadda aka haɗa jiya, domin baƙo bai san sunan na kusa da shi ba, balle ya san inda zai ruga.

A koyi doka kuma. Katanga na tsayawa mita 9.15 daga ƙwallo. Ana buga fenareti daga mita 11. Babu satar gida ga wanda ya karɓi ƙwallo kai tsaye daga jifa, ko bugun kwana, ko bugun gola. Mun sha ganin 'yan baya sun tsaya cak suna ɗaga hannu bayan an yi jifa, ɗan gaba ya wuce ya ci abinsa.

A ajiye ruwan sha a bakin fili, a sha kafin a ji ƙishirwa. A sa kariyar ƙwauri, domin doka ce ba ado ba. Wanda ya bugu a ka har ya ji jiri ko ya rikice, a fitar da shi, kada ya koma wasa ranar, a kai shi ga ma'aikacin lafiya, ko da shi ne gwanin ƙungiya.

Idan su suka kawo fa?

Ba za mu yi muku alkawarin ƙarya ba. Wata rana za ku yi duk wannan shiri, ku haɗu da makarantar da ta cika fili da ƙatti, su cinye ku. Abin da ciwo. Amma akwai hanya. Tun kafin gasa malamin wasanni ya nemi masu shiryawa su wajabta katin shaida mai hoto da sa hannun shugaban makaranta, a kuma tantance 'yan wasa a bakin fili kafin a busa usur. Idan kun ga wanda kuka san ba ɗalibi ba ne, kyaftin ya faɗa wa malami, malami ya shigar da ƙorafi a rubuce kafin a take wasa. Ban da zagi, ban da jifa, ban da tare motar baƙi. Wanda ya ɗauki dutse ya mayar da gaskiyarsa laifi.

Idan kuwa malaminku ne ya zo da shawarar, kada ku yi masa rashin kunya. Kyaftin da manyan 'yan wasa su same shi a keɓe cikin ladabi su ce, "Malam, mun fi so mu buga da kanmu, ko da za a ci mu." Ku yarda da mu, da yaranmu sun faɗa mana haka a wancan dare, da ba mu yi abin da muka yi ba. Tsoron kada a ce mun faɗi ne ya rufe mana ido, muka ɗauka su ma kofin kawai suke so.

'Yan uwanmu malamai da shugabannin makarantu, kalma ɗaya gare ku. A daina auna malamin wasanni da yawan kofi kaɗai. A tambaye shi yara nawa ke zuwa atisaye, nawa ne suka fara ba su iya tare ƙwallo ba yanzu suna iyawa, nawa ne suka dawo aji saboda ƙwallo. Idan aka matsa masa da sai ya kawo kofi ko ta halin ƙaƙa, to an tura shi kasuwar sojan haya ne.

Kofin nan namu har yau muna tuna shi, amma ba da daɗi ba. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yaron da ya cire jesinsa ya miƙo da hannu biyu. Muna fatan a bana babu ɗayanku da za a ce ya yi haka, babu kuma wanda zai karɓi jesin da ba nasa ba.

Aikin wannan mako: kowane ɗan wasa ya buga ƙwallo a bango sau 50 da ƙafar da ba ta saba ba, kullum, har mu sake haɗuwa. Kyaftin-kyaftin kuma su tabbata an buɗe rajistar atisaye. Muna jiran wasiƙunku kan yadda ake tantance 'yan wasa a gasannin yankinku, maza da mata. A mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu shiga raga mu tattauna da masu tsaron gida kan tsayuwa da fita tarar ƙwallo. A yi karatu, a yi wasa. Mu kwana nan.